Wanda Ya Sauke Hoton Hamza

Shekarar da aka ƙirƙiro Jigawa, ba a ɓoye ƙuri'a. Layi ake ja a bayan hoton ɗan takara, a ƙirga kawuna. Insifekta Ezekiel har yau yana kewar zamanin, don ko maƙiyinka ne kana ganin inda ya tsaya.

Ana jibi zaɓe aka sace ƙaton hoton ɗan takara Alhaji Hamza daga bangon kasuwar Ɗanzomo. Maroƙa sun zuga Hamza har ya fara jin shi ne ruwan damina, alhali ko rijiya bai taɓa yasa ba. Kwana biyu kafin nan ma mutane na rubuta zagi da gawayi a ƙarƙashin hoton, wani ya rubuta, wani ya mayar masa da wanda ya fi muni.

Yaran Hamza suka kewaye rumfar Dogo mai shayi da galan ɗin fetur, wai shi ya sace. Ezekiel ya iso ya shiga tsakani.

"Ranka ya daɗe, ko gawayi ban taɓa riƙewa ba," in ji Dogo.

"Da me kake dafa shayin?" in ji Ezekiel.

Dogo ya sunkuyar da kai. "Layi biyu kawai na rubuta. Amma wallahi ban taɓa hoton ba."

Hamza da ke tsaye a gefe ya daki motarsa. "Duk wanda ya yi, sai an zaga kasuwa da shi!"

Ezekiel ya je ya duba bangon. Zagin duk ya ɓace. An yaɓe wurin da ɗanyar ƙasa, sumul, da zagayen tafin hannu irin na matan da ke gyaran ɗaki, ga sawun warwaro a gefe. Wane ɗan adawa ne zai share zagin abokin gaba?

Ya yi sallama a gidan Iya Kande, mahaifiyar Hamza.

"Iya, kin fita jiya?"

"Ina zan je da ƙafafun nan, ɗan nan?"

"To ƙasar da ke cikin warwaronki fa?"

Ta daɗe tana kallon hannunta. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da hoton, naɗe cikin sabon zane.

"Ban iya karatu ba, amma ina jin dariyarsu daga nan. Har sunana aka ce sun sa, ban damu ba. Da suka soke masa ido da ƙusa ne na kasa haƙuri."

Tausayi ya kama Ezekiel, amma sai an kai ta ofis kafin a bar Dogo da rumfarsa. Ya buɗe mata gaban mota, ya riƙe ta ta hau.

Sai ga Hamza a guje. Ya dubi tsohuwar, ya dubi ƙunshin da ke cinyarta.

"Insifekta, hoton dai bai yage ba ko?"

Iya Kande ta miƙa masa ta taga, ta ja mayafinta.

"Mu tafi, ɗan nan."