Gutsuren Raken Mushe

"Kai Mushe, tsaya nan! Yau sai ka gaya mini laifin da raken Babana ya yi maka."

Ya juyo da karan rake a kafaɗa, yatsunsa fari fat da alli. Sunansa Alfari, ɗan garin Bana ne, amma duk Gaya Mushe ake ce masa, wato malam a bakin Faransawa, tun da nasara suka kawo shi koyarwa a lekol, makarantar bokon nan mai rufin ciyawa.

"Laifi kuma, Rakiya?"

"Kullum sai ka saya, ban taɓa ganin ka sha ba. Hasan ya ce daddatsa shi kake yi gaban yara kana yi masa Faransanci. Rake ne ko mai aljanu?"

Ya yi dariya har karan ya zame daga kafaɗarsa.

Ni a lokacin tallan rake nake yi a gindin tsamiyar da ke gaban lekol. Daga fadamar Baba ta garin Tanda ake kawo shi. Ƙanena Hasan yana cikin yaran da aka ɗebo da ƙarfi aka sa lekol, abin da Baba Hamidu, mahaifinmu, bai taɓa haɗiyewa ba. Shi ya sa ya zaunar da ni nan, in riƙa sa wa yaron ido.

To na sa ido kam... amma ba kan Hasan ya tsaya ba.

"Rabo nake koya musu," in ji Mushe. "An dami, an kar... rabi, ɗaya cikin huɗu. Jiya na ba yara uku kara ɗaya na ce su raba uku. Sai suka yanko mini babba, da matsakaici, da wani ɗan mitsitsi."

"To ina laifinsu? Ba haka ake rabo ba?"

"A lissafi sai kason kowa ya zo daidai."

"Daidai? Babba da ƙarami? Lalle nasara ba shi da wa!"

"Bari ma ki ji na ƙaninki. Ya rantse mini ɗaya cikin takwas ya fi ɗaya cikin huɗu, wai ai takwas ta fi huɗu yawa. Na yi da rake, na yi da masa, na yi da zane a ƙasa. Ko gezau!"

"Kan gidanmu ne. Ba ma jin magana da wuri."

Ya kalle ni, wani irin kallo da ya sa na shiga gyara raken da ke a gyare.

"Ni kuwa ba na gajiya da maimaitawa," ya ce.

Wallahi daga ranar na kamu. Ina son sa, kuma ban ɓoye wa kaina ba. Shi ma bai tsaya kewaye-kewaye ba, kafin kaka ya tura aka gaida Baba. An sha fama, don Baba cewa ya yi mai wandon nasara ba zai zauna masa a tabarma ba. Inna Tani, mahaifiyata, ita ta yi ta lallashi har ya sauko, ya ce manyan Alfari su zo daga Bana ranar Juma'a a yi magana.

Murna? Ko tulu na ɗauka zuwa bakin kogin Kwara sai in ji kamar ba kome a kaina.

Sai Hasan ya jiƙa mana aiki.

A gidanmu, in an gama cin tuwo, Baba kan jawo kara ɗaya mai kyau. Ƙarami ke rabo, babba ya fara ɗauka, haka muka taso muka gani. Mai rabo kuma ya san aikinsa: ya datso dogo daga wajen gindi inda zaƙi yake, na Baba ke nan, na Inna ya bi, sannan namu.

Ran nan sai na ga Hasan ya zaro igiya daga aljihu. Ya auna karan, ya ninka igiyar biyu, ya sake ninkawa, ya bi da wuƙa. Ya jera guda huɗu a faifai, kansu ɗaya kamar haƙoran mataji.

Baba ya miƙa hannu zai ɗauki babba. Hannun ya yi shawagi a kan faifai, ya je ya dawo. Babu babba!

"Hasan, ina nawa?"

"Kowanne ma naka ne, Baba. An kar! Mushe ya ce in ba daidai ba ne, ba rabo ba ne."

Inna ta dafe ƙirji.

"Wato ni da kai ɗaya ne?"

"A lissafi dai..."

"A lissafi!" Baba ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Kin ji ko, Tani? Abin da nake gudu ke nan. Yau ya daidaita ni da ɗan cikina a kan rake, gobe a kan magana. Mutumin da ke koya wa yara babu babba babu ƙarami, shi zan ɗauki ɗiyata in ba? A aika Bana. Kada kowa ya wahalar da jakinsa ranar Juma'a!"

Kuka na yi shi har idona ya kumbura. Ba zan iya saɓa wa Baba ba, mutumin da bai taɓa sa ƙwayar goro a baki ba sai ya tambaya ko na ci abinci. Kuma ba zan iya cire Alfari daga raina ba.

Washegari ko tabarmar talla ban gama shimfiɗawa ba ya iso da fara'arsa.

"Sanyin idona, yau kara biyu..."

"Babu na sayarwa!"

"Subhanallahi! Me ya faru?"

"Kai ka faru! Kai da an kar ɗinka!" Na zayyana masa kome, ina yi ina share hawaye da bakin zane. Sai na ga leɓensa na rawa. "Au, dariya ma kake yi?"

"Wallahi ba dariya... ya ninka igiyar sau biyu, kika ce? Shi da kansa?"

"Mushe! Aurenmu ya watse kana tambayata igiya?"

Nan fuskarsa ta canja. Ya tsuguna gabana.

"Baba ya yi gaskiya," ya ce a hankali. "Na koya wa yaron yanka, ban kai ga koya masa bayarwa ba. Darasin bai ƙare ba, Rakiya, a tsakiya ya kwaso shi ya kai gida. Ki roƙar mini Inna, a bar ni in zo ko sau ɗaya in ba da haƙuri."

"In ya kore ka fa?"

"In dawo. Ban gaya miki ba na gajiya da maimaitawa ba?"

"Ni dai kada ka zo da wandon nan."

Yadda Inna ta yi da Baba har aka dakatar da aiken Bana, Allah kaɗai ya sani. Na dai ji tana cewa, "Ko ɓarawo ana jin ta bakinsa, Malam, balle mai gaisuwa." Ranar Alhamis bayan la'asar sai ga Alfari cikin riga da hula, ya tuɓe takalma tun daga nesa. Ya durƙusa a zaure, ya ajiye kara ɗaya dogo gaban Baba. Inna tana bakin ƙofa, ni kuma ina bayan zana, ido a wata 'yar kafa.

"Baba, na zo neman gafara."

"Da rake? Raken gonata?"

"Babu wanda ya fi shi a Gaya, Baba."

Baba ya yi gyaran murya, ya kau da kai. Na san maganar ta shige shi.

"Ina roƙon a bar Hasan ya sake rabo. In an ga raini a ciki, ni da kaina zan je Bana in ce kada su zo."

Kai! Na ji kamar in fasa zanar in toshe masa baki. Rayuwata ce ya ɗora a hannun Hasan, yaron da ko akuya ba a ba shi kiwo!

Aka kira shi. Ya zo yana rarraba ido, ya zaro igiyarsa. Ya ninka, ya sake ninkawa, amma wannan karon bai yanka ba, shaida kawai ya yi da bakin wuƙa.

"Kashi nawa ke nan?" in ji Mushe.

"Huɗu, duk daidai."

"To wa ke ɗauke da gidan nan?"

"Baba."

"Ba shi nasa."

Hasan ya ƙirga biyu daga wajen gindi, ya datse, ya miƙa da hannu biyu. "Biyu cikin huɗu, Baba. Rabi ke nan cif."

Ya datso na uku ya kai wa Inna. "Ɗaya cikin huɗu." Sannan ya ɗaga na ƙarshe, wajen kai. "Wannan na yara ne."

Baba ya juya nasa a hannu, ya gwada shi da kamu.

"Baba," in ji Alfari, kansa a ƙasa, "ba daidaita mutane nake koya musu ba. Mudun ne nake so ya zama ɗaya. In mudu bai zama ɗaya ba, yaya za a san an fifita babba, kuma da nawa?"

Baba ya zuba wa Hasan ido.

"Zo nan, kai. Da can da kake rabo da ido, nawa yakan kai haka?"

Hasan ya sosa ƙeya. "Yana... kusa."

"Kusa! Tani, kin gani? Ashe shekara da shekaru cutata ɗan nema yake yi, yana ɓoye tsawon a nasa!"

Inna ta tuntsire da dariya har da riƙe bango. Baba ya so ya cije, gemunsa ya tona shi.

Amma bai ce kome a kan Juma'a ba. Ni kuwa ita nake jira.

Hasan ya ɗauki kason yara, ya ninka igiya biyu, ya ɗora wuƙa a tsakiya.

"Dakata," in ji Baba. "Nawa za ka raba?"

"Biyu. Ni da Yaya Rakiya."

"Yaran gidan nan biyu ne?"

"Biyu ne mana, Baba."

"Ƙirga da kyau."

Hasan ya nuna kansa. Ya nuna zana, ɗan banza, ya tona inda nake. Sannan ya waiga ya ga Mushe durƙushe a kan tabarmarmu. Ya dubi Baba, ya sake duban Mushe.

"U... uku?"

"To raba uku."

Hasan ya dubi ɗan guntun da ke hannunsa, sai ya ɓata fuska kamar zai yi kuka.

"Haba Baba! In aka raba uku ai nawa raguwa zai yi! Ɗaya cikin uku bai kai ɗaya cikin biyu ba. Duk yadda masu ci suka ƙaru, kason ƙanƙancewa yake yi!"

Sai ga Mushe tsaye zumbur, ya manta gaban wa yake.

"Ya gane! Wallahi ya gane! Hasan, ɗaya cikin takwas da ɗaya cikin huɗu fa?"

"Na huɗu ya fi mana, wa zai yarda a raba da mutum takwas?"

"Alhamdu lillahi! Tun damina nake..."

Ya tsaya cak. Sai a lokacin maganar Baba ta isa kunnensa. Ya koma ya durƙusa a hankali, idonsa ya ciko.

"Ka ji shi," in ji Baba yana girgiza kai. "An ba shi mata, shi ta lissafi yake yi. Tani, a jiƙa gero. Gobe muna da baƙi daga Bana."

Inna ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa ban san lokacin da na zube bayan zana ba, ina kuka ina dariya, ina cewa, "Na gode Baba, Allah ya ja kwana!" Ya ce, "Ke tafi can, marar kunya, wa ya kira ki?"

Hasan ya raba ukun yana ƙunƙuni, ya miƙa wa Mushe nasa, ɗan gutsure mai gaɓa ɗaya da bai fi tsawon yatsa ba. To suruki ba ya shan rake gaban surukinsa. Haka ya riƙe shi a tafin hannu har ya yi sallama, ya sa a aljihu ya tafi.

Bayan an kai ni ɗakina, wata safiya ya ja ni bayan gida wajen da ruwan wanke-wanke ke bi. Sai ga ɗan tsiro kore shar.

"Mene ne wannan?"

"Kasona ne. Ɗaya cikin uku na ɗaya cikin huɗu. Duk abin da aka taɓa ba ni a duniya, babu wanda ya kai shi girma, ta yaya zan shanye shi?"

Daga wannan gutsuren duk raken bayan gidanmu ya fito. 'Ya'yanmu sun sha, jikoki suna sha. Hasan kuwa yau da furfurarsa, shi ma mushe ne, yana koya wa yara rabo da igiya. Amma duk ran da ya zo gidan nan, kafin ya gaisa da kowa sai ya zarce baya da wuƙarsa, ya sare kara mafi tsawo, ya ce cikon kasonsa ne da aka rage masa.