Bolar da Mai Zane Ya Goge

Mai zane ya gama hoton ne dab da magariba. Zanen fentin mai ne: 'yarsa budurwa tsaye a bakin titinsu, motoci da shaguna a bayanta. Abu ɗaya ya sauya. Ƙatuwar bolar da ke ƙarshen titin, wadda kowa ke toshe hanci in zai wuce, ya shafe ta, ya dasa furanni a wurin. Mutum ne mai ƙyanƙyami, ko kofin matarsa ba ya sha da shi.

Yana wanke buroshi cikin kananzir sai wani abu ya faɗo tsakar gida, tim. Mushen ɓera ne, cikinsa a fashe.

Tun daga ranar, da zarar rana ta yi ja sai jifa ya fara. Ba duwatsu ba, ina ma duwatsu ne. Ruɓaɓɓen tumatir, ƙunzugun jarirai, hanjin kaji mai motsi da tsutsa. Matarsa ta yi shara har ta gaji. Furannin hoton kuma suka fara tsattsafo da wani baƙin ruwa mai wari.

Sai abin ya koma kan 'yar. Ta daina cin abinci. Wata rana uwar ta same ta tsugune a bakin kwata, tana tsintar abin da ba ya faɗuwa tana kaiwa baki. Uwar ta yi amai a wurin, sannan ta tafi neman malami.

Malamin ya zo da yamma. Ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta ɗago, ta yi magana da muryar tsohuwa.

"Wace ce ke?" in ji malamin.

"Maƙwabciyarsu. A bolar nan na haifi 'ya'yana. Ya zana kowa, har karen mai shago, ni kuma ya goge ni."

"Hoto ne kawai," in ji mai zane.

"Dattin gidanka fa, ina kake kai shi? Na dawo maka da kayanka ne. Mayar min da gidana, in mayar maka da 'yarka."

Malamin ya dube shi. "Ɗauko buroshinka."

Mai zane ya kankare furannin. Ya zana bolar yadda take, leda da ruɓa da ƙudaje, hawaye na zuba. Da ya ɗiga ƙudan ƙarshe yarinyar ta yi atishawa ta faɗi, ta farka tana kiran uwarta.

Jifa ya tsaya. Hoton na nan a falo, don sharaɗin tsohuwar ke nan, kuma ƙuda ba ya rabuwa da shi. Yarinyar ta warke, tana ci tana dariya. Sai dai duk magariba takan tsaya gaban hoton, ta lumshe ido, ta ja numfashi a hankali kamar mai shaƙar turare.