Zoben da Ya Rage a Bakin Kyamara

Ƙarfe biyu da rabi na rana telan da ke layin ya bugo waya ofishin 'yan sanda, ya ce maƙwabcinsa mai gyaran kyamara yana kwance a ƙasa cikin shago, kuma ba barci yake ba.

Sufeto ya iso tare da Sajan cikin minti ashirin. Shagon ɗan ƙarami ne, yana warin man inji da tsohuwar fata. Dattijon yana rigingine, ƙeyarsa ta bugi ƙarfen matse kaya da ke ɗaure a bakin tebur. Ba a fasa komai ba, ba a ja durowa ko ɗaya ba.

A kan teburin akwai baƙar kyamara ta fim, irin mai 'yar taga a kusurwa, wadda sai mai hoto ya haɗa inuwa biyu sun zama ɗaya kafin ya ɗauka. An lulluɓe ta da hankici. Da Sufeto ya ɗaga sai ya ga babu gilashi a gabanta, siririn zobe na farin ƙarfe kaɗai ya rage a bakin.

Ya daɗe yana kallon hankicin nan. Shekara ashirin da biyu yana bin ɓarayi, bai taɓa cin karo da wanda ya tsaya kare kyamara daga ƙura ba.

Tela ya ce kyamarar ta 'yar mamacin ce, ita ma mai hoto ce, kuma da safe ya jiyo ta tana ɗaga wa uban murya. Ban da ita, yayan mamacin ne kawai ke zuwa kullum ya zauna a benci, amma yau tela bai ɗago kai daga keke ba, bai ga shigar kowa ba.

Ana cikin haka 'yar ta shigo a guje. Ta durƙusa kan uban tana kuka mai cin rai, har sai da idonta ya kai kan tebur. Ta ga zoben, ta ga hankicin, kukan ya ɗauke ɗif. Sajan, wanda a wurinsa duk wanda aka jiyo muryarsa shi ya yi, ya ɗauki wannan a matsayin shaida. Kafin yamma tana tsare a ofis.

A ɗakin tambayoyi ta yi bayanin gilashin ba tare da gardama ba. Na kakanta ne, ya girmi kyamarar da shekara arba'in. Irin na dā ne da ake murɗawa kamar murfin kwalba, ita kuwa kyamarar bakinta na ƙullawa ne. Zoben nan, adafta, shi ke haɗa su. Mako biyu ke nan da uban ya ɗaura mata.

"Ina gilashin yake yanzu?"

"Ni na cire shi da safe. Na manta inda na ajiye."

"Faɗan me kuka yi?"

"Faɗan 'ya da uba."

Sufeto ya gaya mata gaskiya ba ɓoye-ɓoye. In ta tsaya a kan wannan maganar, ranar Litinin fayil ɗinta zai tafi kotu da tuhumar kisa, kuma babu lauyan da zai fid da ita cikin sauƙi.

"Rubuta, Yallaɓai," in ji ta.

Maimakon ya rubuta, sai ya ɗauko wani tsohon gilashi mai murɗi da ya zo da shi daga shagon. Ya murɗa shi cikin zoben, ya tura mata kyamarar, ya ce ta cire masa.

Hannunta ya riga tunaninta. Babban yatsa ya danna ɗan maɓallin da ke gefe, ta juya kaɗan, gilashi ya fito da zobensa manne a gindi. Ta dubi abin da ke hannunta, ta rufe ido.

Da ƙyar ta amsa cewa tun tana 'yar shekara goma sha biyu uban ya koya mata haka. Ba a barin zobe a jikin kyamara, don fitar da shi shi kaɗai aiki ne.

"To wane ne zai bar shi?"

Ta ajiye gilashin a kan tebur, ta kau da kai. Sufeto ya ji tausayinta ya kama shi, abin da ba ya so ya ji a wurin aiki. Ya gane ba kanta take karewa ba.

Washegari da safe ya sami yayan mamacin a ɗakinsa. Bango cike yake da hotuna baƙi da fari, kuma rabinsu na yarinya ɗaya ce: tana rarrafe, tana da giɓi, tana riƙe da kyamarar da ta fi fuskarta girma. Tsohon yana zaune bakin gado, farar yanar ido ta rufe idanunsa biyu. Ya ce ƙafa ce ta hana shi fita jiya, a nan labarin ƙanensa ya same shi.

"Ka san 'yar ƙanenka tana hannunmu?"

Tsohon ya juyar da fuskarsa wajen bango.

Sufeto ya fito da kyamarar daga jaka, gilashin shagon yana ɗaure a kanta da zobe. Ya ce shi ɗan sanda ne, ba ya gane kan waɗannan kaya, ko Baba zai taimaka ya cire masa?

Tsohon ya karɓa da hannu biyu. Bai nemi wani maɓalli ba. Ya kama gilashin ya murɗa, ya murɗa, ya sake murɗawa, yadda ya saba yi shekara hamsin a kan kyamarorin da ba su san zobe ba. Gilashi ya fito, zobe ya zauna a bakin kyamara. Sai hannunsa ya tafi aljihun ƙirji neman abin rufewa, ya tarar wayam.

Sufeto ya zaro hankicin daga ambulan ya ajiye masa a gwiwa.

Tsohon ya shafa shi, ya gane ɗinkin bakinsa. Daga nan maganar ta zo da kanta. Gilashin ubansu ne, shi ya gada, da shi ya ci abinci duk rayuwarsa. Ya kai wa ƙanensa don a goge masa, sai ƙanen ya ɗaura wa 'yarsa ba tare da ya tambaye shi ba. Faɗan safe ma a kansa ne, yarinyar ta ce a mayar wa Baffanta kayansa, ta bar kyamarar ta fita. Da ya zo ya murɗe gilashinsa, ƙanen ya riƙe masa hannu.

"Ya ce mini, 'Yaya, idonka ya gama aiki, me za ka yi da shi?' Gaskiya ya faɗa. Da ƙarya ce da ban ture shi ba."

Ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya fito da gilashin, naɗe cikin safa.

"Ka kwana ka san tana tsare," in ji Sufeto.

"Na sani. Goyona ce, uwarta ta rasu tana jaririya. Na yi ta cewa yanzu zan tashi in je, ban tashi ba."

Sufeto ya hana Sajan sa masa ankwa. Mutumin da ke lalube kafin ya sami ƙofar ɗakinsa ba inda zai gudu.

A gaban kantar ofishin 'yan sanda suka haɗu, ita ana miƙa mata jakarta, shi ana karɓar agogonsa. Ta ce, "Baffa, me ya sa ka faɗa? Da ka bar ni."

Tsohon ya roƙi Sufeto minti ɗaya. Da taimakon Sajan aka ɓalle zoben daga kyamarar. Tsohon ya lalubi gindin gilashin ubansa, ya murɗa zoben a hankali har ya zauna, ya miƙa hannu wajen da ya ji muryarta.

"Ungo, 'yata. Yanzu ni na ba ki."

Ba ta karɓa ba. Sajan ya kama gwiwar hannun tsohon ya juya shi zuwa ƙofar ciki, aka bar gilashin a kan kantar.

"Baffa," ta ce a bayansa, "wa ya rage mini da zan ɗauka da shi?"

Sufeto ya buɗe rajista don ya shigar da gilashin cikin kayan shaida. Ya daɗe da biro a hannu kafin ya fara rubutu.