Jiƙaƙƙen Zane a Hancin Gangare

Huhun Birni yana shaƙa yana fesarwa, gurnaninsa har cikin haƙora ake jin sa. Inji ne da ya fi kowane bene tsawo a birnin Tudun Ƙarfe. Yakan zuƙi gurɓatacciyar iska, ya tace, ya tura mai kyau ta bututu zuwa unguwar da ta fi buƙata. A kowace unguwa an kafa na'ura a kan sanda, ana ce mata hanci. Da hanci ya sunsuno hayaƙi sai fitilarsa ta yi ja, Huhu ya aiko da iska.

Sai dai hukuma, da wayonta, ta haɗa jar fitila da hukunci: unguwar da ta yi ja, a kashe murhunta. Masana'antun narka batir da ke kan tudu kuwa, masu turo hayaƙi kan talakawa, ba a kafa musu hanci ba. Wai su ne tattalin arziki!

Barau ma'aikacin duba hancuna ne. A unguwar Gangare aka haife shi, can kuma uwarsa Iya Tabawa take suyar ƙosai da ƙirjinta mai asma. Da ya ga Gangare ta daɗe tana kore a allon ofis, alhali tarin Iya kullum gaba yake yi, sai ya je ya gane wa idonsa.

Ya tarar an naɗe hancin da jiƙaƙƙen zane. Zanen Iya ne.

"Iya, wa ya yi wannan?"

"Mu ne, bi da bi muke jiƙa shi," ta ce, numfashinta yana fito. "Kullum a nuna mu da ja, wai ƙazamai, a kashe mana wuta? Rufin asiri ne, ɗan nan."

"Iya, injin ya ɗauka lafiya kuke! Ya daina aiko muku da iska!"

"To cire, ka ciyar da mu."

Ya kai hannu. Matan layin suka tsaya cak a bakin kaskonsu, suka zuba masa ido. In ya cire, gobe ba mai hura wuta. In ya bari, Iya ta ci gaba da shaƙar guba. Kunya da tsoro suka kama shi, ya janye hannun, wai bari ya fara kai kuka ofis. A can ma bai iya ambaton zanen ba, aka ce masa allo ba ya ƙarya.

Iya ba ta ga damina ba.

Ranar sadakar uku motocin hukuma suka shigo Gangare da masu ɗaukar hoto. Barau ya zaci ta'aziyya suka zo. Ashe lambar yabo suka kawo wa unguwar da ta fi kowacce tsabtar iska! Mai unguwa ya ce a ba Barau, tunda shi ne ɗansu a hukuma. Ya miƙe daga tabarmar makoki, hayaƙin unguwar yana sa shi tari, ya karɓa.

"Yallaɓai," in ji mai hoto, "daure ka riƙe tarin nan, ka ɗan yi murmushi."