Wayar da Wílmer Ya Kife a Kan Tebur

Ranar da Wílmer ya fara ganin Nélida, korarsa ta yi. Ya tare mata hanya da tsani a kamfanin fitar da furanni na garin Rionegro, yana duba na'urorin da aka jera ɗaya kan ɗaya, masu rarraba intanet ga ofisoshi. Ta ce ya kauce, motocin da ke kai furanni filin jirgi ba sa jiran malalaci. Ya kauce. Amma daga ranar kullum sai ya samo dalilin hawa tsanin.

Yaron yana da aibi, kuma babu amfanin ɓoyewa: bai iya zama ba. Waya na ƙara zai miƙe. Ba sau ɗaya ba ya bar abinci da zafinsa a gidan su Nélida. Mahaifinta, Don Efraín, ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mai barin mutum a tsakiyar magana ba, alhali ga Aurelio mai manyan motoci shi ma yana nemanta, wanda in ya zauna sai yamma. Tsohon yana da gaskiya.

Nélida ta turo saƙo: "Baba ya ce ka zo ran Lahadi. In ka tashi daga teburin nan, kada ka ƙara kirana sarauniyarka."

"Zan zauna, sarauniyata, ko kujerar ta kama da wuta."

Sai dai safiyar Lahadin ce kamfani ya ba shi ya ɗora wa na'urorin sabuwar manhaja. Ƙa'idar ita ce, in bai tsaya ya tabbatar da ita ba kafin wa'adi, su koma kan tsohuwar manhajar da kansu. Ɗaya ta yi nawa wajen tashi. Rana ta take. Bai tabbatar da manhajar ba, ya rufe ɗakin ya hau babur zuwa gidan Don Efraín.

An zuba sancocho, farfesun nama da rogo, Don Efraín ya ɗauko labarin gonar kofi ta kakansa, a hankali, da gangan. Wayar Wílmer ta fara ƙara, tana tuna masa wa'adin na'urorin.  In ya tashi yanzu zai iske wa'adin. Nélida ba ta ko dube shi ba.

Ya kife wayar.

"Ɗan gaggawa, ba za ka gudu ba yau?" in ji tsohon.

"Za su koma kan tsohuwar, Don Efraín, aiki ba zai tsaya ba. Wahalata ce ta tafi a banza, gobe kuma maigidana zai wanke ni tas. Kuna maganar gonar."

Tsohon ya ce wa Nélida ta ƙara wa Wílmer rogo.

Washegari ya sha faɗa, kuma ya cancanta, don ba a barin aiki rabi. A watan Disamba aka ɗaura auren a cocin unguwa. Don Efraín ya dafa kawunansu su biyu.

"Allah ya zaunar da ku, 'ya'yana. Kai musamman."