Mariƙin Inna a Sabon Dashbod

Ranar da Sulinah ta fara ganin Jaidin, mitar gudun mota ce a cinyarta. Tana gangarowa daga gonar kabejin babanta ta faɗa rami, mitar ta fice daga dashbod ta faɗo mata, wayoyi na reto. Haka ta iso bakin gareji a garinsu Kundasang, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya rungume da mita.

Bakaniken ba ya nan. Wani saurayi ne ya leƙo daga shagon kafinta na kusa, garin katako har a girarsa.

"Barka da sauka," ya ce. "Mace aka samu ko namiji?"

Dariya ta ƙwace mata, ita da ta zo da niyyar masifa.

Motar Land Cruiser ce da ta girmi Sulinah, kowa Tsohuwa yake ce mata. Injinta garau, amma rana ta tsattsaga dashbod ɗin kamar dunduniyar manomi. Jaidin ya ce yana yi wa irinta sabo na katako, ya ɗauko kwali da fensir ya hau awo ba wanda ya sa shi. Da ya zo kan mariƙin ƙarfen da ke gaban kujerar fasinja sai ya tsaya. Fentin ya goge a wuri ɗaya, daidai faɗin tafin hannu.

"Wa ke riƙe nan haka?"

"Innata. Shekara talatin tana hawa da sauka da Baba, ba ta taɓa yarda da tuƙinsa ba. Tun da ta rasu bai bar kowa ya zauna nan ba. In shi ke tuƙi, ni ma baya nake hawa cikin kabeji."

Jaidin ya janye hannunsa daga ƙarfen. Ya toshe mitar da ɗan guntun katako, ya nemi lambarta, wai don ya riƙa jin lafiyar jaririya.

Washegari saƙo ya shigo: "Kabejina, ya mai jiki?"

Ta karanta sau biyar kafin ta amsa: "Mita lafiya lau, Mai Zarto. Uwar ce dai ta zuba gishiri a shayi yau."

"To ni ƙofa na kafa a juye. Mun yi canjaras."

Wata uku ana haka, soyayya ta kama su ƙam, kuma ba wanda ya yi ƙoƙarin ƙwacewa. Ranar da Jaidin ya je gaida Baba Dausin ne aka samu cikas. Tsohon ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne mai sa wa mota katako? Kabad aka ce maka ce? Gara ta cinye min Tsohuwa, sannan na ɗauki 'yata na ba wanda ko taki ɗaya na gona ba shi da shi?"

Dalili kuwa akwai Azrul, mai shagon kayan ƙawar mota a Kota Kinabalu, wanda ke zuwa neman auren Sulinah duk Asabar da turare da motar da ba ta taɓa sanin taɓo ba. Shi ya yi wa Baba alkawarin sabon dashbod daga ƙasar waje, mai allon taswira da fitilu shuɗaye. Baba ya amince, ido na son na gani.

Ranar da kayan suka iso Baba ya tafi kasuwar Ranau. Azrul, don ya burge, ya sa ma'aikatansa suka ɓalle tsohon dashbod ɗin gaba ɗaya, ya jefa wa motar 'yan gwangwan da ke wucewa. Sai da Tsohuwa ta koma wayam, wayoyi ko'ina, sannan ya tuna ya buɗe kwali.

Gurbin sitiyarin a hagu yake. Na Tsohuwa kuwa a dama, kamar na kowace mota a garin.

"Ko a juya shi?" in ji Azrul, gumi na keto masa.

"Sai dai ka juya ƙasar baki ɗaya," Sulinah ta ce.

Da Baba ya dawo, ko kallon kwalin bai yi ba. Ya leƙa gaban motar, ya juyo. "Ina ƙarfen?"

"Wane ƙarfe, Pakcik? Ai duk tsatsa ce, na bayar," in ji Azrul. Pakcik shi ne kiran girmamawar da ake yi wa dattijo a garin.

Tsohon ya zauna a kan kwandon kabeji, bai zagi kowa ba. Rabon da Sulinah ta ga hawayensa tun ranar jana'iza. Azrul ya sulale, ga girbi saura kwana biyar, ga motar da za ta sauko da shi ko tashi ba ta yi.

Ta rubuta wa Jaidin komai. Ya karanta, bai amsa ba. Yini ɗaya, biyu. Gwaggonta ta ce shagon a kulle yake, an gan shi ya hau bas ɗin birni. Zuciyar Sulinah ta karaya, ta ce maganar Baba ce ta kore shi. Ta tura masa, da kiran ƙaunar da matan garin ke yi wa mazajensu: "Abang, in ka haƙura da ni ne ka faɗa min da bakinka. Shirun nan ya fi min zagi ciwo." Wannan kuwa ko buɗe shi ba a yi ba.

Safiya ta uku, gajimare bai gama ɗagawa daga dutse ba, aka ji hon a ƙofar gida. Jaidin ne a akori-kurar aro, hannayensa duk yanka, da wani dogon abu naɗe a bargo. Ta fito da gudu, takalmi ƙafa ɗaya.

"Mugu! Kwana uku!"

"Gidan gwangwan bakwai na tona, Kabejina. Wayata ta faɗa ƙarƙashin tari na biyu, Allah ya ji ƙanta."

Ya yaye bargon. Dashbod ne na katako ja mai duhu, sumul, yana sheƙi. Tun ranar farko yake sassaƙa shi da awon kwalin nan. A gaban kujerar fasinja kuwa ga mariƙin Inna, ɗaure da sabbin notuna huɗu.

Maƙwabta suka cika tsakar gida. Bakanike ya haɗa wayoyi, Jaidin na saka mitoci ɗaya bayan ɗaya, kowace ta faɗa gurbinta ƙwas, mata na tafi. Baba ne kaɗai bai motsa ba sai da aka gama. Ya matso, ya ɗora tafinsa a inda fentin ya goge.

"Ka gyara komai, me ya hana ka yi wa wannan fenti?"

"Ba ni na goge shi ba, Pakcik. Ba ni da ikon rufewa."

Baba ya daɗe yana shafa ƙarfen. Can ya yi gyaran murya. "To gara fa?"

"Ginshiƙin tsohon gidan kakana ne. Shekara sittin gara na gwadawa, haƙoranta ne suka ƙare."

Baba ya murza makulli. Tsohuwa ta yi tari ta ɗauka, allurai suka miƙe gaba ɗaya, ihu ya ɓarke. Cikin hayaniyar ya leƙo ta taga ya ce, "Kafinta! In mun sauke kabeji ka turo manyanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure, aka yini ana buga gangunan tagulla, aka ci shinkafa da naman ɓauna har ciki ya ƙi karɓa. Da aka zo tafiya da amarya, Sulinah ta tattare rigarta ta nufi bayan mota kamar kullum. Baba ya riƙo hannunta, ya buɗe mata ƙofar gaba. Ya danƙa wa Jaidin makulli, shi kuma ya haye baya cikin gwaggwanni.

Ta kai hannu kan mariƙin. Tafinta ya rufe gurbin daidai.

Ba su yi nisa ba taya ta faɗa ramin nan da ya haɗa su. Mita ko gezau, amma amarya ta ƙanƙame ƙarfe ta ƙwala ihu: "Abang, a hankali mana! Kashe ni za ka yi?"

Daga bayan mota Baba ya tuntsire da dariya, yana share ido da hular bikinsa.

"Haka uwarki take cewa, a wannan ramin! Ja mu je, ɗana, ba za ta daina ba. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku talatin ɗinku har da ƙari."

Mota ta amsa da amin, Jaidin ya danna hon har ƙasan gangara.