Dutsen Alƙiblar Gougaram

A bakin rijiyar Gougaram Dassin ta fara ganin Rhissa, shekara biyu kafin mulkin Faransawa ya ƙare, lokacin Arlit fili ne kawai. Tana jan guga, ya iso da raƙumi ɗauke da buhunan duwatsu.

"Mutane na ɗauko gero, kai dutse?" in ji ta.

"Na Anasara ne. Ba ni ruwa tukun, sannan ki yi dariyar."

Da ya sha, ya ɗora wani ɗan gilashi mai ƙara girman abu kan tsakuwa, ya ce ta leƙa. Ta ga wasu abubuwa kamar wuri, ba su kai ƙwayar gero ba.

"Halittun teku ne masu yawo bisa ruwa," in ji shi. "In sun mutu su nitse, laka ta rufe su ta zama dutse. Kowane zamani da irin nasa. Da su Mushe, Anasaran da nake wa aiki, ke sanin shekarun kowace shimfiɗar dutse."

"Teku a Gougaram? To ina ruwan, nake shan wahalar guga?"

Tun ranar yake kiranta 'Yar Teku, ita kuma ta sa masa Mai Duwatsu. Magana har ta kai ga manya.

Mahaifinta Alhassane yana da masallacin da ya gada. Ba gini ba ne, duwatsu ne jere kan rairayi, da wani baƙi mai nuna alƙibla. Wata rana Anasaran ya hango baƙin dutsen. Bai tambayi kowa ba, ya taka ciki da takalmi, ya ɗauke, ya jefa a buhu. Muktari, wanda shi ma ke son Dassin, ya kai labari cewa a raƙumin Rhissa aka tafi da shi.

"Wanda ya ɗauki alƙiblar ubana ba zai ɗauki 'yata ba," in ji Alhassane.

Dassin ta tare Rhissa a rijiya.

"Da takalmi, Rhissa. Inda kakana ya sa goshi. Kai kuma ka yi shiru."

"Wallahi ban gani ba, 'Yar Teku. Ina ɗaure raƙuma."

"To yanzu ka sani."

"Na roƙi Mushe ya mayar, ya kore ni. Kuma dutsen bai amfane shi ba. Tunda ba a mazauninsa ya same shi ba, bai san shimfiɗar da ya fito ba. Kwana shida muna nema."

Sai ta tuna. Ƙarƙashin wani tsauni take kiwon awaki, kuma ta san baƙin layin da ya ratsa shi.

"Zan gaya maka wurin. Amma kada ka nuna masa sai dutsenmu na hannunka."

Haka aka yi. Anasaran ya miƙo dutsen, ya riga ya yanke gefensa da zarto. Ya yi ta murna a gindin tsaunin yana rubutu, ko sunan wadda ta san wurin bai tambaya ba. Haƙuri ma bai ba kowa ba.

Rhissa ya zo ba takalmi, ya ja rawani ya rufe hanci, ya durƙusa gaban tsohon. Alhassane ya daɗe yana shafa yankan.

"Sun ci gefensa."

"Sun ci, Abba. Ban iya hanawa ba."

Tsohon ya mayar da dutsen gurbinsa da hannunsa, ya dubi rana.

"La'asar ta yi. Tsaya bayana."

Cikin jeren duwatsun nan aka ɗaura aurensu.

"Mai Duwatsu," ta ce masa ranar tarewa, "saura ka nemo mini ruwan."

Shekara arba'in da ɗaya yana ja mata guga. Shi ya riga ta, ita kuma bana muka rufe ta. Gilashin na cikin akwatinta. Allah ya jiƙan su, ya haɗa su inda ba a rabuwa, ya yi wa zuri'arsu albarka.